Darasi na Tara: Man Ƙamshin Bishiyar Sifurus

A wasu shagunan turare za ku ga ƙaramar kwalba mai duhu, an rubuta "spruce" a jikinta. Sifurus ke nan. Bishiya ce ta ƙasashen sanyi kamar Kanada da Rasha. Ganyenta siriri ne kamar allura, kuma ba ta kaɗe shi ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Ana yin man wani nau'inta, baƙar sifurus, sosai a lardin Kebek na Kanada.

Ana zuba ganye da ƙananan rassa a babbar tukunyar ƙarfe, a tura musu tururi. Tururin ya ɗebo man, ya bi bututu ya huce, sai man ya taso saman ruwa a kwashe. Tulin ganye ne ke ba da ɗan mai kaɗan, shi ya sa yake da ƙarfi ƙwarai.

A hunturun 1536, ciwon rashin bitamin C ya kama matuƙan jirgin wani Bafaranshe, Jak Katiye, kusa da inda birnin Kebek yake yanzu. Dasashinsu ya kumbura, wasu suka mutu. Mutanen yankin suka nuna musu yadda ake dafa ganye da ɓawon wata bishiya mai kama da wannan, suka sha suka warke. A kula da kyau a nan: dafaffen ganye suka sha. Bitamin C ba ya bin tururi, saboda haka babu shi a cikin man kwalba. Duk wanda ya ce ku ɗiga a shayi, ku ƙi. Ba a shan wannan mai.

Amfaninsa ƙamshi ne. Ɗigo biyu a kwanon ruwan ɗumi ya isa ɗaki. Idan shafawa za a yi don gajiyar jiki, a sa ɗigo ɗaya ko biyu a ƙaramin cokali na man kaɗanya ko man zaitun. A fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, a jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a wanke a bari. Kada ya taɓa ido. Mai ciki da mai ciwon asma su tambayi likita tukuna, jarirai kuwa a nisanta su da shi.

Zafinmu na bazara yana ɓata shi, kuma in ya tsufa ya fi ƙona fata. A rufe kwalbar sosai, a ajiye a inuwa, nesa da wuta da hannun yara.

Wasu a Turai da Amurka suna shaƙarsa lokacin da suke zaman natsuwa, suna cewa yana kwantar musu da hankali. Mu da muka san turaren wuta ba za mu yi mamaki ba. Sai dai ƙamshi ba ya maganin cuta. Tarin da ya wuce mako biyu, asibiti ya kamata a kai shi.

Aikin yi: Ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: tururi, ɗigo, kwalba. Sannan ku lissafa: idan ɗigo biyu ake sa wa cokali ɗaya, ɗigo nawa za a sa wa cokali huɗu?