Masu saida kaya a waya: ka fidda ribarka tukuna kafin ka ji tsoron haraji

Tunda sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 mutanenmu masu saida kaya a waya suka shiga zullumi, wasu har sun koma ce ma kwastoma "kawo kuɗin a hannu kar ka tura", wai kar gwamnati ta ga alat ta yanki nata. Toh a kwantar da hankali. Ba a kan alat ake biyan haraji ba, a kan riba ake biya, ribar ma sai ta haura wani mizani. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancinmu in aka ce nawa ka ci riba bara sai dai a hau sosa ƙeya, kuma wanda bai san ribarshi ba ai ba shi da bakin musu in aka yanka mashi adadi.

Fara da raba kanka tukuna, wane irin mai saidawa ne kai. Akwai wanda wayarshi ce ta tsufa ya ɗora ta a Jiji, ko amarya ta canza kujeru ta sa tsofaffin a Facebook, ko an saida firij sabida za a tashi daga Kofar Kaura a koma wata unguwa. Wannan ba kasuwanci bane, galibi ma ƙasa da yadda ka saya kake saidawa, ina ribar take? Dokar ma ta ware kayan amfanin mutum na kanshi da kuɗinsu bai wuce naira miliyan 5 ba, da motar hawa har guda 2 a shekara, ba haraji a kansu. Amma in sarowa kake don ka saida, yau waya gobe takalmi jibi turare, ko da a status ɗin WhatsApp kawai kake tallarka ba shago ba allo, toh kai ɗan kasuwa ne a idon doka, kuma maganar da ke ƙasa taka ce.

Abu na farko, kuma wallahi shi ya fi komai wahala a wurin mutanenmu, ka ware asusun ciniki daban. Buɗe wani a OPay ko Moniepoint ko bankin da kake so ba wani aiki bane yanzu. Asusu ɗaya ne ake zuba kuɗin adashi, yayanka ya turo na cefanen Inna daga Abuja, maƙwabci ya ce ara mani akawun ɗinka za a turo mani kuɗi, gudummawar biki ta shigo, sannan kuɗin atamfa ma nan, ƙarshen shekara takardar banki ta nuna miliyoyi sun ratsa alhali rabinsu ba naka bane. Kyauta da bashi da ajiya ba riba bane, ba a biyan haraji a kansu, amma kai ne zaka nuna hakan, kuma in sun cakuɗe sai dai Allah.

Sai littafi. Littafin 'yan makaranta ma ya isa, ko ka rubuta a waya in ka tabbata ba zata ɓata da shi ba. Kwanan wata, abin da ka saro, nawa, abin da ka saida, nawa, da duk abin da ka kashe a tsakani. Bari in ba da misali da Hajiya mai atamfa, kuɗin misali ne kawai kar a ce na faɗi farashin kasuwa. Kin je Kantin Kwari a Kano kin saro turmi 10 a kan 12,000 kowane, uwar kuɗi 120,000 kenan. Kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan dako da mai napep daga tasha zuwa gida sun ci 6,000, data da kuɗin tallar da kika biya a Instagram 4,000, leda da kwali 1,000. Kin saida kowane turmi 15,000, alat ya nuna 150,000. In kika cire 131,000 abin da ya rage 19,000 ne, ita ce ribarki, ba 150,000 ba ba kuma 30,000 ɗin da kike lissafawa a ka ba. Mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu, su cire kuɗin sari kawai su ce sauran duk riba, shi yasa jari ke ta ƙanƙancewa ba a san dalili ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa kuma su ne ke cin riba a hankali. Kuɗin aika kaya a tasha, in ke kika biya direban Funtua ko Kaduna to kashewa ce a rubuta, in kuma kwastoma ce ta haɗo da shi cikin kuɗin kaya to ratsawa kawai ya yi ta hannunki, a rubuta shigarshi da fitarshi. La'adar da Jumia ke cirewa kafin su turo ma mai kaya kuɗinshi, cajin mai POS, naira 50 ɗin da ake cirewa in kuɗin da aka tura ya kai 10,000, kayan da aka dawo da su, turaren da ya fashe a hanya. Wanda ya ci bashi bai biya ba shima a buɗe mashi shafi. Amma kuɗin makarantar yara da cefane da anko ba kuɗin kasuwanci bane, kar a cusa su ciki. Kuma in dillalin da kike sari wurinshi ba ya ba da rasit, ki roƙe shi ya rubuta maki ko a 'yar takarda ce ki ɗauki hoto, ko ki biya ta banki ki rubuta abin da kuɗin yake a wurin bayani. A adana su, shekara 6 doka ta ce a riƙe bayanan.

Yanzu lissafin harajin kanshi. Ka haɗa ribar wata 12. Naira 800,000 ta farko ba a biyan ko sisi a kanta. Abin da ya hau kai har zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin ɗari, daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga wanda ya wuce miliyan 50, su wannan ba da su muke ba. Misali cinikinka na shekara miliyan 6 ne amma da aka cire komai riba ta tsaya 1,100,000, toh 300,000 ce kawai za a taɓa, kashi 15 ɗinta 45,000 a shekara guda. In gidan haya kake akwai sassauci, ana cire kashi 20 na kuɗin hayar daga abin da za a lissafa, iyakarshi 500,000, in hayarka 200,000 ce an cire 40,000 kenan, harajin ya sauko 39,000, sai dai fa sai da shaidar biyan hayar. Wanda ribarshi bata kai 800,000 ba kuwa, kuma gaskiya nan mafi yawan masu tallar status suke, ba abin da zai biya.

Sai dai ma'aikata ku lura da nan. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke saida waya ko huluna a gefe, ba sau biyu ake ba ka 800,000 ɗin nan ba. Albashi da ribar gefe haɗa su ake wuri ɗaya, in albashin ya riga ya cinye mizanin to ribar gefen daga farkonta ake lissafa mata, sannan a cire abin da aka riga aka yanka a albashi.

Wa ake biya? Nan ma ana ruɗewa. Hukumar tarayya da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, kamfanoni da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ta fi kula da su. Harajin mutum ɗaiɗai na jihar da yake zaune ne, mu nan hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Katsina, ko kwastomominka duk 'yan Legas ne, ko kana Daura kana aika kaya Maiduguri. Ko ka yi rijistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rijistar kamfanoni, bai maida kai kamfani ba, kai da sunan abu ɗaya ne, jiha zaka biya. Lambar NIN ɗinka ita ce ke zama lambar harajinka a sabon tsari. Ana cike takardar bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris, wato na 2026 kafin ƙarshen Maris ɗin 2027, kuma ko lissafinka ya nuna ba ka da abin biya gara ka cike ka miƙa, don rashin biya daban rashin sanarwa daban, tarar ƙin miƙawa a doka 100,000 ce a watan farko, 50,000 duk watan da ya biyo. Wanda ba shi da littafi kuma hukuma na da ikon yi mashi ƙiyasi, su dubi irin sana'ar su yanka adadi, kuma ƙiyasi ba ya sanin turarenka ya fashe a hanyar Kankia.

In zaka biya ka biya ta banki ko hanyar da ofishin ya ba ka a hukumance ka karɓi rasit, kar ka danƙa ma wani kuɗi a hannu don ya zo da kati rataye a wuya, haka duk wanda ya kira ka a waya yana neman lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka wai za a haɗa asusunka da haraji, ɓarawo ne kashe wayarka. Amfanin rasit ɗin yana zuwa ranar da aka nemi takardar shaidar biyan haraji, wurin neman kwangila ko takardun fili ko wani rancen, takardar tana duba shekara 3 ne baya, kaga ba abin da ake haɗawa dare ɗaya bane.

Zakka kuma lissafinta daban, a kan dukiyar kasuwancin ake fidda ta in ta kai nisabi shekara ta zagayo, ba ta ɗauke haraji haraji bai ɗauke ta, amma littafin nan ɗaya shi zaka buɗe ma malam in ka je tambaya.