Darasi na 9: Kututturen da ke Cikin Gonarka

Malamin aji zai fara karanta darasin da ƙarfi, sannan kowa ya karanta sakin layi ɗaya. Wanda ya ci karo da kalma mai wuya ya ja mata layi, za a dawo kanta.

Damina ta canza hali

Duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar Kano ko Jigawa ba sai an ba shi labari ba. A da, idan ruwan shuka ya sauka, manomi ya zuba iri, sai ya kwanta da kwanciyar hankali. Yanzu sai a yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita da sungumi, a gama shuka, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Tsiron ya ƙone, a koma kasuwa neman wani irin. Can cikin watan Agusta kuma, ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin wata guda sai ya zubo a dare biyu.

Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da rumbuna suka bushe, shanu suka yi ta faɗuwa. Matasa kuma sun ga ambaliyar 2022 da idonsu. A Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja ruwa ya shanye gonaki, gidajen ƙasa suka rushe, mutane suka koma kwana a makarantu. A faɗin Najeriya mutum fiye da 600 ne suka rasu a wannan ambaliya. Allah ya jiƙansu da rahama.

Wannan rikicewa ta ruwa da zafi ita ake kira sauyin yanayi.

Me ya kawo shi?

Komai da ikon Allah yake faruwa, amma Allah ya sanya wa kowane abu sanadi. Idan aka ƙona fetur ko gawayin kwal ko gas ko itace, akwai wata iska da ke fita wadda ido ba ya gani. Ana kiran ta iskar kabon. Tana hawa sama ta taru, ta zama kamar murfin tukunya. Zafin rana yana shigowa duniya, amma fitarsa ta yi wuya. Tun da aka fara manyan masana'antu a Turai, shekara fiye da 200 ke nan, wannan iska ta ƙaru da kusan rabi a sararin sama. Duniya ta ɗumama da sama da digiri 1 a ma'aunin zafi, kuma shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne, amma iska mai zafi ta fi saurin busar da ƙasa, kuma ta fi ɗaukar ruwa ta riƙe. Shi ya sa fari yake tsananta, kuma idan ruwan ya tashi zubowa sai ya zubo kamar da bakin ƙwarya.

A nan dole a faɗi gaskiya. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska. Mafi yawanta daga Sin da Amurka da Turai da Indiya take fitowa. Ba adalci ba ne a ɗora wa matar da ke hura wuta a ƙauyen Gumel laifin ɗumamar duniya. Ƙasashe sun taru a birnin Paris a 2015 sun yi alkawarin rage hayaƙinsu, nauyin yana wuyansu.

Amma akwai rabon da yake namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gonar da ba itace ko ɗaya a cikinta, iska ce ke kwashe ƙasar samanta da rani, ta binne tsiro da yashi a farkon damina, ruwa kuma ya wanke abin da ya rage. Ruwa ɗaya ne zai sauka a gonaki biyu, mai itatuwa ta sha ta riƙe, fako kuwa ya bar shi ya wuce.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

An sha raba mana dashen itatuwa. Mukan karɓa mu dasa, rani ya zo, awaki su cinye wasu, ƙishirwa ta kashe sauran. Dashe abu ne mai kyau, sai dai yana son ban ruwa da shinge da haƙuri. Akwai wata hanya da ba ta cin ko kwabo.

A 1983, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da wani abu. Ƙananan sabara da kalgo da manoma ke sassabewa duk shekara, ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne na itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoman can suka fara barin tohon yana girma, suna gyara shi. Suka sa wa aikin suna sassaben zamani. A yau an kiyasta itatuwan da suka dawo ta wannan hanya a Nijar sun kai miliyan 200, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wanda ya taɓa ƙetara iyaka ta Ɓaɓura ya nufi Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Hausawa ne irinmu, gero suke nomawa kamar mu.

Dalilin da ya sa tohon kututture ya fi dashe sauri shi ne saiwa. Dashe jariri ne, sai ya nemi ruwa da kansa. Kututture kuwa tsoho ne, saiwarsa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa inda danshi yake.

Na ga baffana yana wannan aiki wata bazara. Ya durƙusa gaban wata sabara da ta fito da toho kusan ashirin, ya sa hannu yana buɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Ɗansa da ke riƙe da ashana ya gaji da jira.

"Baba, ka matsa in sa mata wuta mu wuce."

"A'a, ajiye ashanar nan. Miƙo min adda."

"Baba, ai inuwa za ta yi wa gero."

"Kai yaro, dubi nan. Huɗu zan bari, in aske musu ƙasa. Inuwar ta hau sama ke nan. Wanda na yanke kuma ka ɗaure ka kai wa innarka ta yi girki."

Ya yage bakin wani tsohon jan ƙyalle ya ɗaura a jikin wanda ya fi tsayi, don mai wucewa ya san wannan itace yana da mai shi.

Yadda ake yi

Lokacin sharar gona, kafin ruwa ya sauka, zagaya gonarka ka ƙirga kututturan da suka yi toho. Kada ka ce sai ka bar duka. Fara da goma.

A kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar, waɗanda suka fi kauri da miƙewa. Yanke sauran. Addar ta kasance mai kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage ya jawo ruɓa.

Waɗanda ka bari, cire musu ƙananan rassa daga gindi zuwa rabin tsayinsu. Kada ka wuce rabi. Idan ka aske shi duka, iska za ta karya shi, ko akuya ta lanƙwaso kan ta cinye.

Bayan wata uku ko huɗu ka koma ka sake gyarawa, domin sabon toho zai fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk shekara kana iya sare ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa, amma ka bar guda ɗaya ya zama babbar bishiya.

Idan ka samu ɗan gawo a gonarka, ka riƙe shi hannu bibbiyu. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Je ka duba geron da ke gindin gawo ka gwada shi da na tsakiyar fili. Aduwa da magarya da kanya da ɗorawa da tsamiya da kuka su ma kowanne da amfaninsa, daga miya har magani.

Wani zai ce, in na raina itace wani ya zo da dare ya sare fa? Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma mutum ɗaya ba zai magance ta ba. Ku 'yan ajin nan ku je wurin mai unguwa ko dagaci tare, a kira makiyaya da masu saran itace, a yi magana a fili: itacen da aka ɗaura wa ƙyalle ba a sara sai da izinin mai gona. Makiyayi ma yana da riba, domin shanunsa ne za su ci 'ya'yan gawon. Kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to sadaka ce a gare shi.

A madafa

Wannan ɓangare na iyayenmu mata ne, amma maza ma su saurara, tunda su ke sayen itacen. Murhun duwatsu uku yana barin wuta ta watse ta ko'ina, iska ta kwashe zafin. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki, a zagaye murhun da ita daidai girman tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafa ta fitar hayaƙi. A bar shi ya bushe sosai kafin a hura wuta. Itace zai daɗe, hayaƙin da ke sa jan ido da tari zai ragu. A riƙa rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a kashe ragowar itacen da zarar an sauke girki.

Karan da ya rage a gona kada a cinna masa wuta. A kwantar da shi ya rufe ƙasa, gara za ta mayar da shi taki. Leda kuma a daina jefa ta a kwata, ita ce ke toshe hanyar ruwa ranar da aka yi mamako.

Kalmomin rubutu

Rubuta kowace kalma sau uku, ka kula da haruffa masu ƙugiya: ƙasa, ɗumama, ɓawo, kututture, toho, saiwa, ambaliya.

Lissafi

A ce gidanku yana ƙona ɗaurin itace 6 a mako, kowane ɗauri naira 500. Bayan an gyara murhu sai ya koma ɗauri 4. Naira nawa aka rage a mako? Nawa ne a mako 10?

Aikin gida

Kafin zama na gaba, je gonarka ko ta gidanku da takarda da fensir. Rubuta sunan kowane itace da ka samu yana toho, da adadinsa. Tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidanku sunayen itatuwa uku da ya sani a garin nan yana yaro waɗanda yanzu babu su, ka rubuto mana. Ranar Asabar kowa ya zo da addarsa a wase, za mu yi darasin a gonar da ta fi kusa da aji.