Yadda zaka yi maganin ƙwaron dake huda ganyen kuɓewa

Masu noman kuɓewa, in kaga ganyenka ya cika da ƙananan ramuka kamar rariya to ba tsutsa bace, wani ɗan ƙwaro ne da masana ke kira Podagrica, tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa akwai kuma ɗan'uwansa mai baƙi-baƙin baya mai sheƙi, kana taɓa ganyen sai ya yi tsalle ya ɓace shi yasa mutane da yawa basu taɓa ganinsa da idonsu ba. Rama da yakuwa ma yana cinsu don dangi ɗaya ne da kuɓewa.

Ka je gona da sassafe lokacin da raɓa bata bushe ba, lokacin jikinsa a mace yake, ka ɗaga ganyen a hankali ka duba ƙasansa. Sati uku zuwa huɗu na farko bayan tsiro su ne lokacin haɗari, kuɓewar da ta girma tana jure ramuka amma ƙarama in ya cinye mata ganye biyun farko shikenan ta tsumbure. Kuma abin da yafi ramukan muni shi ne yana ɗauko cutar bairos daga wannan shuka ya kai waccan, ganyen ya yi dabbare-dabbare ya koma ɗorawa, wannan kam babu maganin feshi, tuge ta zaka yi ka ƙone.

Da safe ka barbaɗa toka akan ganyen, raɓa zata riƙe ta, in ruwa ya wanke ka sake. In sun yi yawa sai ka daka busassun 'ya'yan darbejiya, giram 50 a kowace lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da tsumma ka sa ɗan sabulu kaɗan, sai feshi da yamma don rana tana kashe ƙarfinsa, duk sati ka maimaita.

Ƙwansa a ƙasa yake sawa, tsutsar kuma saiwa take ci, saboda haka kar ka maimaita kuɓewa ko rama a fili ɗaya bana da baɗi, ka sa masara ko dawa a wurin, ciyawa kuma ka nome ta da wuri.

Maganin kanti irin su cypermethrin yana aiki, amma dan Allah in kuɓewa ta fara 'ya'ya ka karanta kwalbar ka ga kwana nawa za'a jira kafin tsinka, kuɓewa kusan duk bayan kwana biyu ake tsinkarta ai.