Yadda Ake Wanke Bindigar Toka Bayan Harbi

Masu tambaya sun yawaita, musamman bayan Hawan Sallah, ga matakan:

1. A zura sandar ɗuri cikin bututun domin tabbatar da babu sauran albarushi. Hattara: kada a kai fuska saitin bakin bindigar, ko da an yi imani babu komai a ciki.
2. A wanke bututun da ruwan zafi da ɗan sabulu a ranar da aka yi harbin, domin tokar albarushi tana jan danshi, kwana ɗaya ya ishe ta haifar da tsatsa.
3. A tsokace ƙaramin ramin da wuta ke bi da siririyar waya.
4. A goge ciki da busasshen tsumma har ya fito fes.
5. A shafa mai kaɗan. Idan ya yi yawa, yakan jiƙa albarushi ya hana bindiga tashi.