Yadda Ake Karanta Ƙirjin Hafsan Jamus a Tsohon Hoto

Ɗalibaina a ƙauyenmu na ƙasar Ringim sukan nuna min hoton sojan Jamus a waya su ce, "Malam, wannan janar ne?" Nakan ce su bar kallon hula, su dubi riga.

Fara da ramin maɓalli na biyu. In ka ga ɗan ƙyalle baƙi mai ratsin fari a soke a ciki, mutumin ya sami lambar yabon soja ta Giciyen Ƙarfe mai daraja ta biyu. Miliyoyin sojoji sun same shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mai daraja ta ɗaya ba shi da ƙyalle, a ƙirjin hagu ake maƙala shi. Ka ƙara girman hoton ka nemi shekara a ƙasan giciyen: 1914 da harafin W na zamanin Sarki Wilhelm ne, 1939 kuwa na Hitila.

Sannan ka hau wuya, nan maganar take. In giciyen da ke rataye bakin kowane hannunsa a tsage yake kamar kofaton akuya, ga ƙananan gaggafa a tsakani, to babbar lambar yabon nan ta Pour le Mérite ke nan. Shuɗi ne, amma tsohon hoto ba ya nuna launi, don haka siffar za ka riƙe. Sarki Frederick na Prussia, wata masarautar Jamus, ya kafa shi a 1740, a cikin sojoji hafsoshi kaɗai ake ba, kuma an daina ba sojoji a 1918.

Kada ka tsaya a nan, ka bi sawun aikin da ya jawo lambar. Ga Erwin Rommel, laftanan sojan ƙasa na Jamus. A Oktoban 1917, a yaƙin Caporetto, ya zaga ta bayan Italiyawa da 'yan mutanensa, suka yi kwana biyu suna hawan duwatsu kusan ba barci, suka kama Dutsen Matajur da fursunoni kimanin 9,000. Amma wani hafsa aka fara ba lambar a kan dutsen nan. Sai da Rommel ya kai ƙorafi, ya kuma ci garin Longarone, kafin tasa ta iso a Disamba.

Duk ɗalibin da zai rubuta wannan labari a ajina, sai ya sa mutum shida da Rommel ya rasa a hawan, da talatin da suka jikkata. Ba na karɓar aikin da babu su.