Yadda ake haɗa ƙaramin injin sassaƙa na CNC da fara aiki da shi

Abu na farko da mai sabon injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, zai sa a ransa shi ne injin nan ba ya gani. In ka ce masa ya nutsa milimita 10, zai nutsa, ko katako ne a gabansa, ko ƙusa, ko teburinsa da kansa. Shi ya sa mafi yawan aikin yana wuyanka tun kafin ka danna maɓallin farawa. Zan yi bayani a kan ƙaramin nan da ake kira 3018, wanda ya samo sunansa daga filin aikinsa: milimita 300 a tsayi, 180 a faɗi, zurfi kuwa kimanin 45. Sauran 'yan uwansa na kan tebur ma tafiyarsu ɗaya ce.

Ka fara da samun tebur mai nauyi wanda ba ya rawa. Sa'ad da kake haɗa ƙarafan jikin injin, kada ka ɗaure ko wane noti tamau tukuna. Ka ɗaura su sako-sako, ka ɗora sukwaya a kowace kusurwa, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In awon biyu ya zo daidai, sai ka bi ka matse. Wanda ya yi gaggawa a nan zai zana murabba'i injin ya yanko masa karkatacce, kuma babu manhajar da za ta ba shi sauƙin da minti goma na awo za su ba shi. Bayan haka, tun ba ka sa wuta ba, ka juya sandunan nan masu zare da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk inda ka ji ya cije, ka sassauta ka daidaita. Ka kuma duba ƙananan notocin da ke haɗa moto da sandar, domin su ne suka fi yawan kwancewa.

Ƙwaƙwalwar irin wannan inji tana aiki da manhajar GRBL, tana kuma karɓar umarni da harshen G-code, wato jerin umarnin da ke gaya wa injin inda zai tafi, ta kebul ɗin USB. A kwamfuta za ka sa Candle ko Universal Gcode Sender, ka zaɓi saurin sadarwa 115200. In kwamfutar ta ƙi ganin injin, galibi direban CH340 ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane injin. Da zarar sun haɗu, ka motsa kowane gefe na tafiyar injin, wato X da Y da Z, milimita 1 kawai. X ya tafi dama, Z ya tashi sama. Y ne mai ruɗa mutane: a 3018 teburin injin ne ke tafiya, don haka in ka danna Y gaba, teburin zai matso wajenka, kuma hakan ne daidai. In wani gefen ya yi baibai, saitin GRBL mai lamba $3 ne ke juya shi.

Yanzu sai gwajin awo. Ka rubuta $$ a wurin rubuta umarni na Candle ko Universal Gcode Sender ka ga duk saitin, ka kwafe shi ka ajiye kafin ka taɓa komai. $100 da $101 da $102 su ne adadin takun da moto ke yi a kowace milimita, kuma a yawancin 3018 za ka ga 800. Ka umarci X ya yi tafiyar milimita 100, ka auna da rula. A ce 98 ya yi: sai ka ninka 800 sau 100 ka raba da 98, ka sa abin da ya fito. Amma ni a ganina, kafin ka canja lamba ka maimaita gwajin sau uku. In kowane karo awon daban yake fitowa, laifin ba na lamba ba ne, wani abu ne ke zamewa.

Kada ka yi yanka a kan teburin alminiyum ɗin kai tsaye. Ka ɗaura masa falankin MDF, wato na matsattsen garin katako, wanda ba ka jin ciwon ya lalace, shi zai riƙa shan sara. A kansa za ka kafa katakon aiki, kuma kafawa ta gaske: ka kama shi ka girgiza, in ya motsa ko kaɗan, bai kafu ba. Ƙarafan matsewa da ke zuwa da injin suna da kyau muddin ba su tsaya kan hanyar bakin yanka ba. Ga siririn katako na fi son wata dabara: ka manna tef ɗin takarda a bayan katakon, ka manna wani a kan falankin, ka ɗiɗɗiga sufa gulu tsakanin tef ɗin biyu, ka danne. Yana riƙo sosai, in an gama kuma ya ɓalle ba tabo.

Zanen kansa ana yin sa a manhaja irin su Easel, Carbide Create, FreeCAD ko Fusion 360, su ne kuma za su mayar da shi G-code. Ka tabbata a milimita kake, wato G21, domin G20 inci ne, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Bakin yanka mai tsini kamar harafin V na rubutu ne da ado. Mai shimfiɗaɗɗen gindi na milimita 3.175 shi ne na yanka da rarake. Moton da ke juya bakin yanka a waɗannan ƙanana bai wuce kimanin juyi 10,000 a minti ba, ƙarfinsa kuma kaɗan ne. A katako mai laushi ka fara da zurfin rabin milimita a kowane zagaye, da tafiyar milimita 300 a minti, sannan ka riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan. In za ka yanke abu ya fita gaba ɗaya, ka bar masa 'yan gadoji uku ko huɗu da za su riƙe shi, don kada ya ɓalle a zagayen ƙarshe ya karya maka baki.

Wurin da aka fi asarar bakin yanka shi ne sa sifiri, wato nuna wa injin inda aiki ya fara. Ka kai bakin kan kusurwar da ka zaɓa a zanen, yawanci ta hagu ta ƙasa, ka sa X da Y sifiri. Na Z kuwa, ka shimfiɗa farar takarda a kan katakon, ka sauko da milimita 0.1 a kowace dannawa kana jan takardar, har ka ji ta fara kamawa. Nan ne sifiri. Duk lokacin da ka canja baki, sai ka sake na Z, amma ka bar X da Y yadda suke.

Kafin yankan gaske, ka ɗaga Z milimita 20 sama da katakon, ka mai da nan sifiri na wucin gadi, ka saki aikin ya yi tafiyarsa a iska. A nan za ka gane ko zanen ya fi katakon girma, ko zai yi karo da ƙarfen matsewa. In komai lafiya, ka dawo da sifirin gaskiya.

Ka sa tabarau na kariya da takunkumi, musamman in MDF kake yanka, don ƙurarsa laushi gare ta kuma akwai gam a ciki. Ban da safar hannu, ban da hannun riga mai reto. Ka fara, hannunka kusa da makashin wuta, ka kasa kunne. Yanka mai kyau ƙararsa ɗaya ce, kuma ɓarɓashi yake fitarwa. In gari kake gani da baƙin ƙuna a gefen yankan, bakin gogawa yake yi ba yanka ba, sai ka ƙara saurin tafiya. In kuwa injin na kakkarwa yana kururuwa, ka rage zurfi. Motocin nan ba sa ba da labari in sun tsallake taku. Ci gaba kawai za su yi a gurbin da ba daidai ba. Saboda haka, da kuma yadda baki mai zafi ke iya kunna garin katako, kada ka bar ɗakin injin yana aiki, ko na minti biyu.

In ya gama, ka jira juyin ya tsaya cak. Kada ka cire katakon tukuna: ka share, ka duba ko yankan ya kai ƙasa ko'ina, domin muddin yana kafe za ka iya ƙara zagaye ɗaya, da ka ɗaga shi kuwa sifirin ya tafi. Sannan ka yanke gadojin da wuƙa, ka bi gefen da samfefa, ka sa buroshi ka kakkaɓe garin da ya taru a zaren sandunan, ka ɗan shafa musu mai.