Kurakuran da masu fara rubuta wasan barkwanci na rediyo da talabijin suka fi yi

Duk rubutun da sababbin marubuta ke kawo mini in duba, kafin in kai shafi na uku na san abin da zan tarar. Wani zai shigo da hula a karkace, ya yi magana da karin harshen wata ƙabila, a yi ihu, a bi shi da taɓarya. Shi ke nan, wai an rubuta abin dariya. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne zaton cewa shiga da murɗe baki su ke kawo dariya. Hali ke kawo ta. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma Hausar barikin da yake yi a matsayin Samanja tana sa mutum ya dara. Amma abin da ya riƙe jama'a shekara da shekaru a rediyo da talabijin na Kaduna shi ne mutumin da kansa: yana ba da umarni bilhaƙƙi da gaskiya, fuska a murtuke, ko kusa bai san abin dariya yake yi ba. Ranar da ɗan wasanka ya nuna ya san yana ba da dariya, ranar ya daina bayarwa.

Ni kafin in rubuta kalma ɗaya ta zance, sai na amsa tambaya biyu a kan kowane mutum: me yake so, kuma me ke hana shi samu. Ɗauki mai gidan haya marowaci da ɗan hayar da ya kwana biyu bai biya ba. Wannan kaɗai zango ɗaya zai ba ka, a kore shi a tashi. Amma ka sa mai gidan yana neman auren ƙanwar ɗan hayar. Yanzu ba ya iya korarsa, ba ya kuma iya yafe kuɗin. Kullum zai zo karɓar haya da murmushin dole da ledar tsire a hannu. Kada ka kuskura ka ɗaura auren nan a zango na uku don tausayi, don da an shafa fatiha shirinka ya mutu.

Na biyu, wanda ya taɓa cinye mini kuɗin sa'a guda cur na ɗakin ɗaukar murya: rubuta wa rediyo abin da sai ido ke gani. A takarda an rubuta cewa baƙo ya zauna a kan kwanon tuwon da aka ɓoye ƙarƙashin tabarma. 'Yan wasa suna gaban makirfo suna ta ƙyaƙyata dariya tun kafin a fara. Mai ɗaukar murya ya zare abin kunnensa ya dube ni ta gilashi ya ce, "Malam, to wa zai gaya wa mai sauraro?" Muka liƙa wa matar gidan wata magana cikin gaggawa, wai "Wayyo, ka zauna a kan tuwo!" Ko mu da ke ɗakin babu wanda ya yi murmushi. Gyaran yana can baya, minti biyu kafin zaman. A ji sallamar baƙo daga zaure, a ji ƙarar murfin kwano, a ji maigida yana raɗa, "Tura shi ƙarƙashin tabarma, ga shi nan tafe." Daga nan mai sauraro ya riga baƙon sanin abin da ke jiransa, duk wani "bismillah, zauna" sai ya zama abin dariya. Al'adata yanzu ita ce in ɗauki karatun a waya in kunna wa wanda hannunsa ke cikin wani aiki, wanki ko girki. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wa ke magana?", wurin na sake rubutawa.

Ku kuma masu rubuta "a nan sai su yi barkwanci" ku bar wa ɗan wasa ya cike da baki, ku ji tsoron Allah. Aikin da aka biya ku ke nan kuka tura wa wani. Ɗan wasa mai basira zai ƙara gishiri, amma sai ya tarar da miya a tukunya. In ba haka ba, abin da ya yi a shirin wancan makon shi zai maimaita muku.

Wasan ƙabilu ma yana da ƙa'ida. Tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, tsokanar tana da daɗi ne saboda kowa na ramawa, kamar jika da kaka. In ɓangare ɗaya ne kullum wawa, cin mutunci kake yi, kuma masu sauraro daga can za su kashe rediyonsu. Haka nan yi wa gurgu ko mai in'ina dariya don nakasarsa kawai.

Sauran ƙanana ne. Kada wani ya bayyana abin dariyar bayan an faɗe shi. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshen magana, kada a binne ta a tsakiya. A rediyo, mutum huɗu a fage ɗaya sun isa, kuma kada biyu su yi kama da juna a murya ko a suna, Sani da Sanusi a ɗaki ɗaya wahala ce. Gaisuwa ta yi gajarta, sai dai in ita kanta ce abin dariyar. Kuma shirin rabin sa'a ba minti 30 ba ne, talla za ta ci nata rabon, saboda haka tambayi tashar minti nawa aka bar maka tun kafin ka fara, kada mai tace hoto ya yanke maka ƙarshen labari da almakashinsa.